Wai da gaske ne in wuƙar likita ta taɓa dajin ƙoda sai ya bazu?

Tambayar kenan da ta raba mana kai a guruf ɗin WhatsApp na unguwarmu a Tudun Wada satin da ya wuce. An turo takardar neman taimako ne na wani bawan Allah da aka ce an gano ƙari a ƙodarsa, likitoci sun ce sai an yi masa aiki an cire. Kafin ka ce kwabo guruf ya kasu uku. Wasu na cewa ai ciwon ƙoda wankin ƙoda ake yi, meye na yanka mutum. Wasu na cewa in dai daji ne to kar a kuskura a bari ƙarfe ya taɓa shi, don daji ba ya son ƙarfe, ana yanka shi zai watsu ko'ina. Sai kashi na uku masu turo lambar mai magani a Kano da wani a Nijar. Ni kuma na yi shiru ina karantawa, don aikina kenan, shekara da shekaru ina zaune a ɗakin sikanin ina ɗora na'ura a cikin mutane, kuma na ga ƙarshen irin wannan gardamar ba sau ɗaya ba.

Toh bari mu bi abun a hankali, don maganar ƙarfen nan ba daga sama ta faɗo ba, akwai abun da mutane suka gani da idonsu ya sa suke faɗi. Sai dai fassarar da aka yi wa abun da aka gani ɗin ce ta karkace.

Ciwon ƙoda daban, dajin ƙoda daban

Ƙoda guda biyu ce, kowacce kamar girman dunƙulen hannunka, suna can ta baya ƙarƙashin haƙarƙari, ɗaya dama ɗaya hagu. Aikinsu tace jini. A rana ɗaya suna tace ruwan jini wajen lita 180, su mayar da kusan duka cikin jiki, abun da ke fita a matsayin fitsari bai wuce lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na duk jinin da zuciya ke bugowa ta ƙoda yake bi. Ka riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba.

Abun da mu Hausawa muka fi sani da "ciwon ƙoda" shi ne lokacin da ƙodojin biyu suka gaza tacewa, yawanci saboda hawan jini ko ciwon suga da aka daɗe ba a kula ba, ƙafa ta kumbura, fuska ta kumbura, a ce sai wankin ƙoda sau biyu ko uku a sati ko kuma dashe. Wannan ba daji ba ne. Shi dajin ƙoda, ko sankara ko kansa duk yadda ka kira shi, wasu ƙwayoyin halitta ne a cikin ƙoda guda ɗaya suke fita daga tsari, su yi ta hayayyafa ba tsayawa har su zama ƙari. Mai shi zai iya yin gwajin aikin ƙoda rizot ya fito lafiya lau, saboda ɗaya ƙodar na aiki, ita ma mai ƙarin sau da yawa tana ɗan aikinta. Wankin ƙoda ba ya wanke daji. Ko sau dubu aka yi ƙarin yana nan inda yake.

Kusan tara cikin goma na dajin ƙoda a manya daga ƴan siraran bututun da ke tace fitsarin yake farawa, kuma a cikinsu ma akwai wani nau'i ɗaya da ya fi yawa, shi ke ɗaukar kusan kashi uku cikin huɗu. Akwai wanda ke fitowa a inda fitsari ke taruwa kafin ya gangara mafitsara, shi halinsa ya fi kama da dajin mafitsara. Sai na yara ƙanana, zan zo kansa. A duniya gaba ɗaya ana samun sabbin masu dajin ƙoda sama da 400,000 duk shekara, maza sun ninka mata kusan sau biyu, kuma ya fi kama waɗanda suka haura 50 zuwa 70.

Sannan ba duk abun da aka gani a ƙoda ne daji ba. Ƙullin ruwa a ƙoda ya cika gari, musamman a dattawa, mafi yawansu ba sa komai sai dai a bar su. Ko a cikin ƙananan ƙari masu tauri ma, kusan ɗaya cikin biyar in aka cire aka duba sai a ga ba mugu ba ne.

Me ke jawo shi

Nan ba zan daɗe ba. Taba sigari, ƙiba mai yawa, hawan jini, waɗannan ukun su ne a gaba. Sai wanda ya shekara da shekaru a kan wankin ƙoda, sai gado a wasu dangi ƙalilan. Akwai kuma wani nau'i da ba kasafai ake ganinsa ba amma mugu ne, yana kama matasa masu ɗauke da jinin sikila wato AS. Na ce ba kasafai ba, kar wani mai AS ya hana kansa barci, amma dai in ya ga jini a fitsari kar ya tsaya wasa. Ba sammu ba ne, ba a ɗaukarsa a kwano ko a shimfiɗa, kuma mutane da yawa da suka kamu ba su taɓa riƙe karan sigari ba.

Me ya sa ake makara

Saboda ƙoda a ɓoye take kuma tana da fili a kewayenta. Ƙari zai iya kai girman lemo ba ka ji komai ba. Alamomi uku da ake koyarwa a makaranta su ne jini a fitsari, ciwo a kwiɓi, da ƙullutu da hannu ke iya taɓawa, amma waɗanda ke zuwa da duka ukun ba su wuce ɗaya cikin goma ba, kuma in sun haɗu yawanci tafiya ta yi nisa. A ƙasashen Turawa fiye da rabi ana gano shi ne bisa tsautsayi, an je hoton wani abu daban sai a ci karo da shi yana ƙarami. Mu a nan akasin haka ne, sai ya girma muke ganinsa.

Kuma muna da wata matsala tamu ta daban, tsargiya. Duk wanda ya tashi yana wanka a Kubanni ko Galma ko kududdufan bayan gari ya san fitsarin jini tun yana yaro, har wasu na ɗauka alamar balaga ce. Toh sai mutum ya kai shekara 55 ya ga fitsarinsa ya yi ja, ya ce ai tsargiyar nan ce ta dawo, ya je kemis a ba shi ƙwaya. Shi kuma jinin dajin ƙoda mayaudari ne, ba zafi, zai zo kwana biyu ya ɗauke wata uku, sai a ce maganin ya yi aiki. Wani a ce sanyi ne, wani a ce tsakuwa, zazzaɓin da ke zuwa yana tafiya kuma a yi ta ɗura masa maganin maleriya da taifod, ramar a ce tunani ne. Wani lokacin ma jijiyoyin maraina na gefen hagu ne ke kumbura farat ɗaya a dattijo, ba wanda zai kawo ƙoda a ransa.

Akwai wani dattijo da ba na mantawa, mai sayar da hatsi ne, ɗansa ya kawo shi wai olsa ta hana shi cin tuwo. Na shafa masa man nan mai sanyi a ciki ya zabura ya ce "ɗana wannan daga firij kuka ɗebo shi?" Ina zagayawa gefen dama sai ga abu zaune a saman ƙodar, na auna santimita 5 da ɗan wani abu. Na ce Baba ka taɓa ganin jini a fitsari? Ya ce sau ɗaya, bayan sallar layya, ya ɗauka zafin nama ne. Olsar da ta kawo shi ita ce rahamar da Allah ya yi masa, don ƙarin bai fara yi masa ciwo ba tukuna.

Hanyoyin da yake bi ya bazu

Nan ne zuciyar maganar. Dajin ƙoda ba ya jiran wuƙa, yana da hanyoyinsa tun daga cikin jiki.

Ta farko ita ce ya ci katanga. Ƙoda na da wata ƴar fata da ta lulluɓe ta, bayan ita sai kitse, bayan kitsen sai wata jaka mai ɗan ƙarfi da ta naɗe su duka. Ƙarin na girma yana tura fatar nan har ya fasa ya shiga kitse, daga nan ya iya kama ƴar halittar da ke zaune a saman ƙoda kamar hula, mai fitar da sinadaran jiki, in aka ƙara barinsa ya keta jakar ya taɓa maƙwabta, hanji ko hanta ko naman baya.

Ta biyu kaluluwa. Irin wadda ke fito maka a hantsa in ka ji ciwo a ƙafa, akwai irinta jere a can cikin ciki kusa da manyan jijiyoyi, ƙwayoyin dajin kan bi magudanar su sauka a ciki.

Ta uku ita ce babba, kuma ita ta bambanta wannan daji da sauran, wato jini. Ka tuna na ce kashi ɗaya cikin biyar na jinin zuciya ta ƙoda yake bi. Kaga ƙoda kamar gidan da ke bakin titin Kaduna zuwa Kano ne a Kwangila, duk wanda ya fito ƙofar gida mota na jiransa. Jijiyar da ke kwashe jini daga ƙoda gajera ce mai faɗi, tana zubawa kai tsaye a babbar jijiyar ciki da ke hawa zuwa ɓangaren dama na zuciya, zuciya kuma ta buga shi zuwa huhu. Shi ya sa tashar farko ta dajin ƙoda yawanci huhu ce. A hoton ƙirji sai ka ga dunƙule-dunƙule zagayayyu fari fat kamar an watsa ƙwallaye. Bayan huhu sai ƙashi, musamman ƙashin baya da ƙugu da cinya, inda yake cinye ƙashin ta ciki har mutum ya karye daga ɗan tuntuɓe, sai hanta, sai ƙwaƙwalwa.

Wani abun mamaki da yake yi, ba ƙwayoyi kaɗai yake turawa ba, shi kansa ƙarin yakan zura jiki cikin jijiyar ya yi ta miƙewa kamar saiwar bishiya da ta samu bututun ruwa, a wasu mutane har ya hau babbar jijiyar ya leƙa cikin zuciya. Ranar da na fara ganin haka a allon na'ura sai da na kira wani abokin aiki ya zo ya tabbatar min ba idona ba ne. Amma duk da ban tsoron abun, in bai riga ya zuba ƴaƴa a huhu ko wani wuri ba, ƙwararrun likitocin tiyata na iya buɗe jijiyar su zaro shi gaba ɗaya tare da ƙodar.

Kuma wanda ya sauka a huhu sunansa bai canza ba, dajin ƙoda ne a huhu, ba dajin huhu ba. Bazazzagi ko ya shekara 30 a Legas in ya buɗe baki ka san daga ina yake. In aka ɗebo tsokar aka duba a madubin likita ƙwayoyin ƙoda za a gani, kuma maganin dajin ƙoda za a ba shi.

Me ya sa yake da son jini haka? A nau'in nan da ya fi yawa akwai wata ƙwayar gado da ake kira VHL da ke lalacewa. Aikinta ta gaya wa ƙwayar halitta cewa iska ta wadatar, a kwantar da hankali. In ta lalace sai ƙwayar ta ɗauka kullum shaƙe ta ake yi, ta yi ta aika saƙo a jawo mata sabbin jijiyoyin jini, ƙarin ya cika da jijiyoyi, abinci ya samu, hanyar fita ma ta samu. Masana uku da suka warware yadda jiki ke gane ƙarancin iska, William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza, sun samu kyautar Nobel a 2019, kuma binciken Kaelin a kan wannan VHL ɗin ya ginu.

Da wannan ake raba shi mataki huɗu. Na ɗaya yana cikin ƙoda bai wuce santimita 7 ba. Na biyu ya wuce 7 amma bai fita ba. Na uku ya shiga kitse ko jijiya ko kaluluwar kusa. Na huɗu ya keta jakar ko ya yi nisa. A lissafin Amurka, cikin mutum 100 da aka gano nasu yana cikin ƙoda kaɗai, wajen 93 na raye bayan shekara biyar. In ya riga ya je huhu ko ƙashi, ba su kai 20 ba. Ciwo ɗaya ne, lokacin zuwa ne ya bambanta.

Toh daga ina maganar ƙarfe ta fito

Masu faɗinta ba ƙarya suka ƙirƙira ba. Kowa a Zariya ya san wani da aka yi wa aikin daji, bayan wata huɗu ko shida aka ce ya fito a huhu, ya rasu. Dangi suka haɗa biyu da biyu suka ce wuƙa ce. Amma ka tambaya, wata nawa ya yi yana yawo kafin ya yarda a yi aikin? Sau da yawa shekara guda ce ko fiye, tsakanin kemis da mai ganye da jiran kuɗi. A wannan lokacin ƙwayoyin sun riga sun hau mota sun sauka a huhu, sai dai ƙanana ne ƙwarai hoto ba ya kama su. An cire uwar, ƴaƴan da suka riga suka fita suka girma. Wannan daji ma yana da halin dawowa bayan shekara 10 ko fiye, a wurare na ban mamaki irin su maƙogwaro, duk daga irin da ya zuba tun farko ya kwanta.

Inda zan ba su gaskiya shi ne, in aka fasa ƙari a cikin ciki aka bar ɓurɓushi, e zai iya tsirowa a wurin. Shi ya sa ba kowane mai riƙe wuƙa ake kai wa wannan aikin ba, likitan mafitsara da ƙoda ake nema, wanda zai ɗaure jijiyoyi tukuna sannan ya ɗauke ƙarin a dunƙule bai fasa ba. Kuma shi ya sa sakiya da tsaga da ake yi a gida a kan ƙullutu su ne ainihin ƙarfen da ya kamata a ji tsoro. Allurar ɗibar tsoka da ake yi a asibiti kuwa, yaɗuwa ta hanyarta abu ne mai wuyar faruwa sosai, kuma a dajin ƙoda sau da yawa ma ba a buƙatarta, siti-sikan, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki dalla-dalla, shi kaɗai kan isa likita ya yanke shawara.

Magani in bai fita ba

Aiki ne. Ba kwana-kwana, a dajin ƙoda na manya tiyata ce kaɗai hanyar da aka tabbatar tana iya raba mutum da shi gaba ɗaya. Kuma cire ƙoda ba sabon abu ba ne, tun 1869 wani likita Bajamushe, Gustav Simon, ya yi shi a garin Heidelberg matar da aka yi wa aikin ta tashi ta ci gaba da rayuwa.

Kafin aiki za a yi siti-sikan na ciki da ƙirji, wanda ake ɗura wani ruwa ta jijiya don hoto ya fito, a duba aikin ƙoda, a duba yawan jini, a ce a tanadi ledar jini don wannan ƙari ne mai zubar da jini. In ƙarami ne kuma yana gefe, ana iya yanke shi kaɗai a bar sauran ƙodar, wannan ya fi musamman ga mai suga ko hawan jini ko wanda ɗaya ƙodar tasa ba ta da ƙarfi. In babba ne sai a ɗauke ƙodar duka da kitsenta. Wasu wuraren ta ƴan ƙananan huda ake yi da kyamara, wasu a buɗe kwiɓi. Ga tsoho tukuf mai ƙari ƙasa da santimita 4, wani lokacin likita kan ce a bar shi ana aunawa duk bayan ƴan watanni, don irin waɗannan da yawansu milimita biyu zuwa uku suke ƙaruwa a shekara, ko kuma a zura allura a ƙone shi ko a daskarar da shi inda akwai kayan aikin. Amma wannan sa ido ne da hoto da ranar dawowa, ba a koma gida a manta ba.

Tambayar da kowa ke yi a ƙofar ɗakina ita ce, mutum zai rayu da ƙoda ɗaya? Zai rayu, zai yi noma, zai haihu. Masu ba ƴan uwansu kyautar ƙoda ai da ɗaya suke komawa gida. Sai dai wadda ta rage ta zama ƴar lele, a kula da hawan jini da suga, a rage gishiri, a rabu da haɗin kemis na ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake sha kamar gyaɗa, da jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba. Maganar azumi kuma a zauna da likita tun kafin watan ya kama.

In ya riga ya bazu

Nan mutane kan yi mamaki in aka ce ba za a yi kimo ba. Kimo ɗin da aka sani, wanda ake yi wa masu dajin mama gashi ya zube, kusan ba ya yi wa dajin ƙoda na manya komai. Gasa ƙarin da hasken na'ura shi ma ba shi ne babban magani ba, amma yana da amfani sosai wajen kashe zafin ƙashin da ya kamu ko ƙarin da ya je ƙwaƙwalwa. Shekaru da dama abun da ake da shi allurai ne masu wahalarwa da ke taimakon mutane kaɗan.

Sai a ƙarshen 2005 da farkon 2006 aka amince da sorafenib da sunitinib a Amurka, pazopanib ya biyo a 2009, daga baya axitinib da cabozantinib. Ƙwayoyi ne na sha, aikinsu su toshe saƙon nan na a jawo jijiyoyi, wato kamar a yanke wa gida famfo. Ƙarin kan tsaya ko ya motse na watanni ko shekaru, amma yawanci daga baya yakan samu wata hanyar, sai a canza wani. Suna ɗaga hawan jini, suna sa gudawa, tafin hannu da na ƙafa su yi zafi su saɓule, wani gashinsa ya yi fari, duk ana iya lallaɓawa in ana gaya wa likita maimakon a daina sha a ɓoye.

Daga 2015 kuma aka shigo da masu tayar da garkuwar jiki, nivolumab, sai haɗinsa da ipilimumab a 2018, sai pembrolizumab tare da axitinib a 2019. Sojojin jiki na da birki don kar su afka wa jikin da kansa, shi kuma daji ya koyi taka musu birkin, maganin sai ya ɗage ƙafarsa. James Allison da Tasuku Honjo sun ci Nobel a 2018 a kan haka. Ƙarin ruwa ne ake yi duk bayan ƴan makonni, kuma a wasu mutane, ba duka ba, ciwon kan lafa shekaru. Haɗarinsa shi ne sojojin da aka sake kan iya juyowa kan hanji ko huhu ko hanta. Tun 2021 ma ana ba da pembrolizumab na shekara guda bayan aiki ga waɗanda ake tsoron nasu zai dawo.

Ko za a cire ƙodar bayan ya riga ya bazu? Nan su kansu likitoci sun yi ta ja-in-ja. Da can cirewa ake yi kusan ga kowa, sai wani bincike na Faransa da aka fitar a 2018 ya nuna cewa ga da yawan masu ciwon da ya yi nisa, fara shan sunitinib kaɗai bai gaza aiki tare da maganin ba. Yanzu mutum-mutum ake dubawa, mai ƙarfi a jiki da ɗigo ɗaya ko biyu a huhu ana iya cire ƙodar har da ɗigon, wanda ya galabaita kuma a fara da magani. Don haka in likita ya ce wa wani a yi aiki ya ce wa wani kar a yi, ba son kai ba ne.

Na yara

Wannan daban ne, ana kiransa da sunan wani likita Bajamushe, Max Wilms, kuma ya fi kama ƴan ƙasa da shekara biyar. Yawanci uwa ce ke ganowa wajen wanka, ta ji tauri a gefe ɗaya na cikin yaro alhali yana wasansa. A nan sai kaka ta ce saifa ce a kai shi a tsaga. Dan Allah a'a. Shi wannan kimo na cinsa sosai, ana haɗawa da aiki, kuma inda ake zuwa da wuri a kammala magani kusan tara cikin goma na warkewa. Abun da ke kashe namu shi ne zuwa a makare da kuma guduwa a tsakiyar magani da zarar cikin ya sace.

Talaka fa

Mu a Zariya Allah ya rufa mana asiri ta gefe ɗaya, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika na da likitocin mafitsara da ƙoda da kuma sashen masu ciwon daji, mutane daga Katsina da Zamfara da Neja nan suke tahowa, mu kuɗin adaidaita ne ya raba mu da shi. Amma lissafin kuɗi shi ne ya kamata kowa ya gane. Sikanin na ciki kuɗinsa bai kai abun da wasu ke kashewa a data a wata ba. Aiki na da tsada, amma sau ɗaya ne, dangi da masallaci da guruf in sun haɗa hannu ana iya fitar da shi. Ƙwayoyin nan na sha kuwa duk wata ne ba ranar gamawa, masu tayar da garkuwa kuma zubi ɗaya miliyoyin naira ne, da dala ake shigo da su. Asusun tallafin masu ciwon daji na gwamnatin tarayya, wanda Shika na cikin asibitoci shida da aka fara da su, da dajin mama da na bakin mahaifa da na furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ya fara. Kaga kenan duk watan da aka ɓata ana gardamar ƙarfe, ana matsawa ne daga maganin da za a iya biya zuwa wanda sai an sayar da gona da gida kuma bai zama lalle ya warkar ba. Addu'a da rubutu ba wanda ya hana, a yi su a kan gadon asibiti.

Shi Baba mai hatsi sai da aka kai ruwa rana, ƙaninsa ya rantse ba za a yanka ɗan uwansa ba, uwargidansa ce ta tsaya ta ce Malam ni dai na yarda da hoton da na gani. Aka cire ƙodar dama. Shekara huɗu kenan, duk wata shida yana zuwa da fayil ɗinsa a cikin ledar shinkafa, a yi hoton ƙirji a duba ta hagun, kuma har yau in na ɗauko robar man sai ya riƙe rigarsa ya ce in ɗan murza shi a hannu tukuna ya yi ɗumi.